Hannun Rusi da Allon Gilashi

Ni na ɗaura allon nan da hannuna. Babu waya ɗaya da na haɗa ba daidai ba. Mai shakka ya zo ya duba.

Sunana Gencho, bakanike. Aji bakwai na yi a makaranta, sauran a gindin inji na koya. Rusi matuƙi ne, kuma yayan matata ne, marigayiya Velika. Tun muna samari muke tare a rundunar jiragen feshi ta gandun gwamnati, nan yamma da garin Dobrich. Shi yana sama yana zuba wa alkama magani, ni ina ƙasa ina jiran ya dawo mini da injin da ya wahalar. Yana kirana Baƙin Mai. Ina kiransa Janar, don ko kofur bai taɓa zama ba.

Da mulkin gurguzu ya faɗi, aka sayar da jiragen a kilo. Rusi ya koma gadin rumbun hatsi, ni na koma gyaran tarakta. Da muka tsufa, matanmu suka rasu, sai muka gina namu jirgin a rumfata. Kujera biyu, katako da yadi, ƙaramin inji. Farfelar ni na fere ta daga katakon da na daɗe ina busarwa a saman rufi. Hukuma ta turo mutum ya duba, ya ba mu lamba, aka rubuta a jikin jirgin cewa na gwaji ne.

Agogunan awon da muka fara sa masa tsofaffi ne, masu allura. Sai idon Rusi ya fara kasa karanta ƙananan lambobi. Ya ɓoye. 'Yarsa Neda, wadda ke aikin jinya a Jamus, ta zo hutu ta gan shi yana kai hanci jikin agogo. Da ta koma ta aiko da allon gilashi mai aiki da lantarki.

Faɗinsa bai wuce faranti ba. A ciki akwai gudu, da tsayi, da zafin kowane silinda, da ƙarfin mai, da ragowar fetur, duk da manyan lambobi masu haske. Ba zan yi masa ƙarya ba, abu ne mai kyau. Rayuwata duka da kunne da tafin hannu nake gane silindar da ke zazzaɓi, wannan kuwa yana faɗa maka tun kafin ta fara. A tsakiyarsa sama shuɗiya ce, ƙasa ruwan ƙasa, da layi a tsakaninsu, da ɗan hoton jirgi. Akwai kuma wani ɗan akwati kamar kwalin taba da ake ɗaurewa a bayan kujera. Shi ke jin karkatar jirgi ya gaya wa allon.

Ranar da na gama haɗawa na karkata akwatin a hannuna ina kallo. Sai na ga abin da bai yi mini ba.

A jiragen Rasha da muka yi aiki da su, agogon karkata layin ƙasarsa a tsaye yake cak. Ɗan jirgin ne ke motsi. In fiffikenka na hagu ya faɗi, na ɗan jirgin ma ya faɗi, sai ka ɗaga shi. A wannan allon kuwa ɗan jirgin ba ya motsi, ƙasar ce ke karkata, kuma zuwa ɗaya gefen take yi.

Na ce, "Janar, wannan a baibai yake tafiya."

Ya leƙo, ya yi tsaki. "Wa ke kallon talabijin yana tuƙi? Ga taga Allah ya ba ni."

"In babu taga fa?"

"Kai dai ɗaure notinka. Sama ba gonarka ba ce."

Gaskiyarsa ta wani gefen. Mai feshi waje yake kallo. Duk lokacin zafi mun tashi, ba abin da ya faru. Har ya fara son allon. Yana yi wa mutanen ƙauye burga da shi a shagon kofi, wai 'yarsa ta sa masa kayan da ko jirgin shugaban ƙasa bai da su.

Da kaka ta shigo, Dobri ya mutu. Shi ne mai gyaran agogunan jirgi a rundunarmu. Al'adarmu ce, in ɗan runduna ya mutu, ranar arba'in wani ya bi ta kan kabarinsa da jirgi ya kaɗa masa fukafukai. Yanzu jirginmu kaɗai ya rage. Ƙauyen Dobri kusa da teku yake.

Mun tashi da hantsi, gari tarwai. Ina kujerar dama. Da muka kusa, sai ga hazon teku ya shigo kan gonaki, fari, a kwance kamar an shimfiɗa auduga. Na ce mu juya.

"Matarsa na tsaye a maƙabarta tana kallon sama," in ji Rusi. "Hazon siriri ne. Mu huda shi mu fito ta ƙasa."

Muka shiga. Taga ta zama madara.

Da farko lafiya. Sai fiffiken hagu ya ɗan faɗi, kamar yadda kowane jirgi ke yi. A allon layin ƙasa ya karkata, gefensa na dama ya yi ƙasa. Idon Rusi ya ga abu mai motsi ya faɗi dama, hannunsa ya tura sanda hagu. Layin ya ƙara karkata. Ya ƙara turawa. Na ji nauyina ya ninka a kan kujera. Lambar gudu ta koma rawaya, ta koma ja. Allon ya fara magana da muryar mace cikin Turanci, ba wanda ke ji a cikinmu.

Na ce, "Dama, Rusi."

"Ina gani."

"Dama."

Bai ji ba. Muka faɗo daga cikin hazon, fiffiken hagu yana nuna gonar da aka huɗe, kusa har ina ganin sawun tarakta. Da idonsa ya ga ƙasa ta gaskiya, hannun ya gyara nan take, sumul, kamar yadda na san shi. Babu matuƙin da zai fitar da mu daga nan in ba shi ba. Wannan ma gaskiya ne.

Ya bi ta kan maƙabarta ya kaɗa fukafukai. Muka sauka a gonar da aka girbe a bayan coci. Ya kashe inji. Ya daɗe yana kwance igiyar kujera.

"Iskar teku," ya ce. "Mugun hali gare ta."

Na sauko daga jirgin.

Matar Dobri ta rungume shi tana kuka, ta ce ta ga yadda ya sauko a karkace, irin na samartaka, Dobri zai ji daɗi. Aka zuba ruwan inabi a kan kabari, aka raba dafaffiyar alkama da sukari. Na ci. Ba a ƙin alkamar mamaci. Rusi ya ba da labarai, mutane suka yi dariya. 

Washegari na kwance ɗan akwatin daga bayan kujera, na ƙara masa doguwar waya har waje. Na rufe gilashin jirgin da bargo. Da Rusi ya zo rumfa na ce ya shiga ya zauna.

"Wasan ɓuya za mu yi da tsufanmu?"

"Shiga. Zan karkata akwatin, kai ka daidaita da sanda. Allon kaɗai za ka kalla."

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Kai da ko keke sai an riƙe maka?"

"Ni."

Ya shiga yana zagina. Na tsaya a bayan fiffiken hagu. A bayan kowane fiffike akwai leɓe mai motsi, duk inda sanda ta yi sai ya nuna. In na karkata akwatin hagu, leɓen nan ƙasa ya kamata ya yi.

Na karkata a hankali. Leɓen ya ɗan zabura sama, ya tsaya, sannan ya yi ƙasa.

"Ka gani?" ya ce daga cikin bargo. "Sai me?"

Na sake, dama. Haka dai, zabura ta kuskure, sannan gyara. Na bar shi ya huta, na ja shi da hirar farashin alkama. Yana tsakiyar zagin 'yan kasuwa na karkata akwatin da sauri. Leɓen ya tafi sama gaba ɗaya, ya zauna can. Na ƙirga a raina har na gaji kafin ya dawo.

Ya yaye bargon. Fuskarsa ta yi ja.

"Ka yaudare ni. Magana muke yi."

"Hazo ma ba ya sallama."

"Kaina ya san abin. Ba jaki ba ne ni. Ƙasa ce ke motsi, ba jirgi ba, na gane."

"Kanka ya sani. Hannunka bai sani ba."

"To zai koya."

Muka yi ta yi kullum da safe. In yana tunani, yana cin rabi. In na buga gwangwani, ko na kira sunansa, ko ya gaji, hannun ya koma gidansu. Shekara arba'in aka yi ana koya wa hannun nan abu ɗaya, kuma ya koyu da kyau. Shi ne matsalar.

Na nemi wata hanya. Na koma wurin matar Dobri, ta buɗe mini ɗakin ajiyarsa. Na sami tsohon agogon karkata irin namu a cikin akwatin katako, a naɗe da jarida. Na kawo gida na ba shi wuta. Ya juya, ya yi ƙara kamar dutsen niƙa, ɗan jirgin ya kwanta gefe bai tashi ba. Mutum ɗaya ne a duk yankin nan ya iya buɗe cikinsa, kuma mun ci alkamarsa. Ko da yana aiki ma, nauyinsa da na na'urar da ke ba shi wuta ya fi ƙarfin ɗan jirginmu. Na mai da shi cikin jarida.

Na yi tunanin cire allon in mai da agogunan allura. Amma ba ya ganin su. In na cire, na bar makaho da inji. In na bari, na bar shi da abin da ke tura hannunsa ƙasa.

Na kira Neda. Ba na son waya, ta san haka, sai ta tsorata.

"Kawu, lafiya? Baba ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Tambayi masu allon nan, ko ana iya juya shi, ɗan jirgin ya riƙa motsi, ƙasa ta tsaya."

"Don me?"

"Tambaya ce."

Bayan kwana kaɗan ta kira. Sun ce ba a yi shi haka ba, duk duniya yanzu haka ake yi, kuma ba wanda ya taɓa nema. Ta ce, "Amma yana jin daɗinsa ko? Kullum sai ya yi mini zancensa."

Na ce yana ji.

A cikin makon nan Rusi ya zo gidana cin miyar wake, kamar kowace Lahadi tun rasuwar Velika. Ya zo da barasarsa ta inabi da cuku. Muna ci ya ce ranar Asabar zai tafi taron masu gina jirage da ake yi can bayan duwatsu. Sun gayyace shi ya nuna jirgin.

"Gajimare na zaune a kan duwatsun nan tun farkon wata," na ce.

"Zan bi ta kwari."

"Kwarin ma yana rufewa."

"In ya rufe in juyo."

"Kamar yadda ka juyo a ƙauyen Dobri."

Ya ajiye cokali. "Ba sai ka zo ba. Ni kaɗai zan tafi. Ka zauna ka yi gadin wakenka."

"Bari sanyi ya wuce."

"Wa ya yi maka alkawarin zan ga wucewarsa? Kullum ɗaya daga cikinmu ake binnewa. Sau ɗaya nake so in sauka a gaban mutanen da suka san abin da muka gina. Sau ɗaya, Baƙin Mai."

Na san shi. In ya ce Asabar, Asabar ce.

Ranar Juma'a da la'asar na ɗauki sifana na tafi rumfa. Na yanke wayar da ke kulle notocin, na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na zare farfelar. Na saɓa ta a kafaɗa na bi ta tsakiyar ƙauye da ita, ban ɓoye ba. Na sa ta a ɗakin kwanana na kulle.

Da safe ina zaune a ƙofar rumfa ya iso, da jakarsa, da tsohuwar rigar fatarsa ta runduna, ya yi aski. Ya wuce ni ya shiga. Ya ga hancin jirgin ba farfela. Ya fito.

"Ina take?"

"Tana gidana."

"Je ka ɗauko."

"A'a."

"Gencho." Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar jana'izar ƙanwarsa. "Rabin jirgin nan nawa ne."

"Ɗauki rabinka. Farfela ni na fere ta."

"Zan sayi wata."

"Sayi. Ka nemi wanda zai ɗaura maka ya sa hannu. Duk wanda ka samu zan je in gaya masa abin da na gani."

Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Iska na kaɗa ƙofar kwano a bayansa.

"Me ka gani? Ka ga na fitar da kai da rai."

"Na gani. Na kuma ga wanda ya shigar da ni."

"A gado kake so in mutu? Da robar fitsari, ana juya ni kamar buhu?"

"E."

"Ba kai za ka kwanta ba."

"Ba ni ba ne. Amma ni zan je duwatsu in tsinto ka. Ni zan kira yarinyar in gaya mata allonta ne."

 Ya sunkuyar da kai yana kallon jakarsa. Da ya ɗago, muryarsa ta sauka.

"Ba za ka gaya mata ba. Ko yanzu, ko bayan raina. Albashinta ta tara ta saya."

"Ba zan gaya mata ba."

"Rantse da Velika."

Na rantse. Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Bai waiwayo ba.

Ƙauye ƙarami ne. Kowa ya ga na wuce da farfela, ba wanda ya san dalili, sai suka ƙirƙiro nasu. Wai hassada ce, shi ake gayyata taro ni ba a san da ni ba. Wai tun da can ina jin haushin shi ne a sama ni a ƙasa. A shagon kofi in na shiga hira ta mutu. Rusi bai ƙaryata su ba. Ni ma ban yi ba.

Neda ta kira.

"Kawu, me Baba ya yi maka?"

"Ba komai."

"To me ya sa? Abu ɗaya ya rage masa a duniya. Ka san ba ya cin abinci? Maƙwabciya ta ce ko labule ba ya buɗewa."

"Farfela tawa ce."

"Ban taɓa zaton haka kake ba. Mama Velika da tana raye da ta ji kunya."

Na ce ta gama? Ta kashe wayar. Ba ta sake kira ba.

Dusar ƙanƙara ta sauka. Lahadi ina dafa wake, in ci, in zuba wa kare ragowar. Sau biyu na hango Rusi a hanyar shagon burodi. Ya rame. Rigar fatar ta yi masa yawa. Da can in yana tafiya kansa a sama yake, yana karanta gajimare, har yana tuntuɓe. Yanzu ƙafafunsa yake kallo. Na san ni na yi wannan. Da za a mai da ni ranar Juma'ar nan da sifana a hannu, haka zan sake yi. Sanin haka bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Ina zuwa rumfa duk da haka. In share ƙanƙara daga rufi, in juya injin da hannu don kada ya kama, in ba batir wuta.

Wata safiya, ƙanƙara ta fara narkewa, ina goge mai a ƙasa na ji an turo ƙofa. Rusi ne. Da sanda yake tafiya yanzu. Bai gaishe ni ba. Ya tsaya gaban hancin jirgin yana kallon inda farfela take a da. Na jira ya tambaya. Na riga na shirya amsa.

Bai tambaya ba. Ya jingine sandarsa, ya kama gefen jirgin zai hau. Ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Na matso, ya ture hannuna. A karo na uku ya shiga. Ya kunna allon, hasken ya faɗo masa a fuska.

"Ina bargon?"

Na ɗauko na rufa. Ɗan akwatin na nan rataye a doguwar wayarsa inda na bar shi. Na hure ƙurar, na je na tsaya a bayan fiffiken hagu.

"Duk sanyin nan ina yi a gida," ya ce daga ciki. "Da faranti da muciya. Fara."

Na karkata akwatin hagu. Leɓen ya yi sama.

"Yaya?"

"Ba daidai ba."

 Ina jin numfashinsa ta cikin bargo.

"Sake."

Na daidaita akwatin, na jira, na sake karkatawa.